Ranar da Aka Ɗauke wa Alhaji Faranti

"Zaɓi guda gare ki, Zalika," Inna ta ce. "Ko kukun nan, ko ɗiyarki. Alhaji ba shi ba ki duka biyu."

Ina durƙushe a tsakar gida ina wanke wa Balki ƙafafu. Ta shiga tokar bayan madafa ta yi buɗu-buɗu, sai dariya take tana watsa mini ruwa. Ban ɗago kai ba, don kada ta ga idona.

"Inna, ai bai hwaɗi haka ba tukuna."

"Bai hwaɗi ba? To mi yak kawo shi tun daga Takanamat, tsoho da ciwon gwiwa? Kallon garin Tawa? In kin amri Sabo, jininsu na, yarinya ta zamna tare da ke. In kin amri bare, su ɗauki abinsu."

"Sabo ya ce zai mai da gidan Baba wurin aje hwatu."

"To? Hwata ba ta cizo."

"Haba Inna!"

Sai ta zauna a kan turmi ta ja bakin zane ta rufe fuska.

"Ubanki mutumin kirki na, Allah shi jiƙan shi. Amma ban taɓa zuwa buki Barmu ba a tambaye ni wa ka tuƙa tuwo gidanmu, ni ko shi ba. Na haɗiye wanga har na tsuhwa. Ke ma shi kike so? Kuma ki rasa ɗiya a kai?"

Na goge wa Balki ƙafa na ce ta je ta yi wasa.

Mijina Ibrahim ya rasu Balki tana goye. Da na gama takaba na dawo gidan mahaifina, Tanimu Kuku, wanda duk Adar ta san sunansa. Ya daɗe yana dafa wa kumandan, baturen mulkin gari, abinci a zamanin annasara, da aka samu ƴancin kai kuma ya buɗe nasa gidan abinci. Tebura da fararen ƙyallaye, abinci yana zuwa ɗaya bayan ɗaya, zabi gasassu da man shanu da lemon tsami, a rufe da cuku da dabino. Manyan ma'aikata daga Yamai, in za su Agadas, sukan shirya tafiyarsu yadda yunwa za ta same su a Tawa. Bai taɓa barin kwalbar giya ta tsallake ƙofarsa ba, duk da haka annasara suna jiran kujera.

Da daminar bara Allah ya karɓi abinsa. Madafa ta koma hannun Ma'azu, wanda ya tashi a gabansa tun yana fere albasa. Mutane suka ce gidan ya mutu. Suka zo, suka ci, suka daina faɗin haka.

Ma'azun nan shi ne yake son aurena, ni ma shi nake so. Dangin mahaifina sun ce ni bazawara ce, magana tana hannuna. Amma Balki ba tawa ce ni kaɗai ba. Kakanta, Alhaji Yunusu, mahaifin Ibrahim, ya iso gari, kuma ya zo da ɗan ƙanensa Sabo, mai fataucin bisashe.

Na sami Ma'azu a madafa yana goge cokula ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga haske.

"Ɗiyar maigida, kin yi kuka."

"Hayaƙi na."

"Ban hura wuta ba tukuna."

Na kau da kai. Ya ajiye cokalin ya ce ya aika wa Alhaji gayyata, kuma ya amsa. Zai zaunar da shi a teburin kusa da taga, inda kumandan kan zauna.

"Ma'azu, a kai mashi tuwo masauki kamar kowane baƙo. Tsohon ga bai taɓa hawa kujera don shi ci abinci ba."

"Zalika, ba ni da shanu, ba ni da gona. Abin da Maigida yak koya mani shi kaɗai na mallaka. In zan girmama mutum, da shi zan girmama shi. Bari shi gani da idonai cewa ba aikin banza nike yi ba."

Zuciyata ba ta kwanta ba. Amma na ga yadda ya ƙwallafa rai a kan abin, sai na bar shi.

*

Bayan azahar suka iso. Na laɓe a bayan ƴar tagar da ake miƙa abinci, inda zan ga komai ba a gan ni ba.

Balki ce ta fara rugawa.

"Amaryata!" Alhaji ya ce, ya ɗaga ta sama duk da gwiwarsa. "Kin yi kewar angonki?"

"Ba ni son ka, ba ka da haƙora."

"Ja'ira! Wa yak koya maki? Sai na yi maki kishiya."

Ya cika mata hannu da dabino, Inna ta janye ta cikin gida. Na ji ɗan sanyi a raina.

Ma'azu ya fito cikin farar riga, ya durƙusa ya gaishe su, ya ja wa Alhaji kujera. Tsohon ya zauna a bakin-bakinta kamar wanda ke tsoron ta gudu. Sabo ya dubi wuƙaƙe da cokulan da aka jera.

"Baba, yaƙi za a yi?"

Waɗansu malaman lakkol, wato makarantar boko, da ke teburin gefe suka sunkuyar da kai suna murmushi.

Ma'azu ya kawo abin farko, romon zabo a faranti mai faɗi, ɗan kaɗan a tsakiya, da gutsattsarin burodi soyayye a kai. Tun hantsi yake tace romon nan.

"Ruwan wankin hannu na, Baba," Sabo ya ce.

"Romo na, Alhaji," Ma'azu ya ce a hankali. "Da shi aka buɗe ciki."

Alhaji ya yi bisimilla ya kai cokali baki. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya ƙara na biyu, ya lumshe ido. Wallahi ya ji daɗinsa, ni shaida ce.

Sai ya yi abin da duk baƙo mai kunya yake yi a ƙasarmu. Ya ajiye cokali a cikin faranti, ya ja jiki baya, ya ce, "Alhamdulillahi."

Kowa ya san ma'anar wannan. Baƙo ba ya zarcewa da ci kamar mayunwaci. Zai janye hannu, mai gida ya ce haba, ai ba ka ci komai ba, ya rantse, ya matsa masa, sannan ya koma. Abin da Alhaji ke jira ke nan.

Amma Ma'azu a hannun mahaifina ya girma. A gidan nan, in cokali ya kwanta cikin faranti an gama ke nan, kuma barin faranti a gaban wanda ya gama babban laifi ne. Baba yakan ce hannu ya riga ido.

Na buɗe baki zan kira shi. Kafin murya ta fito, Ma'azu ya zare farantin ta gefen dama, sumul, ko ƙara babu, ya juya ya nufo madafa.

Hannun Alhaji ya riga ya taso zai koma ga cokali. Ya tsaya a sama, a kan farin ƙyalle da babu komai.

Malaman da ke teburin gefe suka daina ci.

Sabo ne ya fara dariya.

"Cokali biyu, Baba. Rabonka ke nan. Haka za su riƙa ciyar da jikarka."

Alhaji ya mai da hannunsa cikin riga. Ya miƙe a hankali.

"Na yi shekaru a duniya," ya ce, "ko a shekarar yunwa ba a taɓa ɗauke mani abinci daga gaba ba. Sabo, mu tahi. A hwaɗa ma uwar yarinya ta shirya mata kayanta. Gobe in mun gama da kasuwa, da ita za mu koma."

*

Ma'azu ya wuce ni da babban tire, zabi biyu sun yi jawur a kan shinkafa, fuskarsa cike da fara'a. Ya isa teburin ya tarar da kujeru biyu babu kowa.

Ya dawo madafa ya ajiye tiren a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba.

"Mi ya hwaru? Romon na? Gishiri ya yi yawa?"

"Ka ɗauke mashi abinci, Ma'azu."

"Ya gama! Ya aje cokali, ya yi hamdala."

"A gidan uwarka, in baƙo ya yi hamdala, mi aka ce mashi?"

Ya tsaya. Na ga abin yana shigarsa sannu a hankali. Ya dafe kai da hannu biyu ya jingina da bango.

"Innalillahi. Na mance, Zalika. Wallahi na mance. Hannuna ya yi, ban yi tunani ba."

Kukan da nake riƙewa tun safe ya ƙwace mini.

"Gobe za su tahi da ita. Ba ta iya barci sai ta riƙe bakin zanena. In sanyi ya shigo tari ka kama ta, wa ya san sai an shahwa mata man shanu a ƙirji? Wa za ya tashi?"

"Ki yahe mani."

"Ma'azu, ina son ka, Allah na shaida. Amma in ta kai ga zaɓi, ba kai zan zaɓa ba."

"Na sani," ya ce. "Ban taɓa zaton wani abu daban ba."

Zabi suna ta hucewa a tsakaninmu. Kuka ba ya hana mota tashi gobe. Na share fuska na miƙe.

"Ɗauko mani babban akushin Inna."

Na juye shinkafar duka a ciki, na yayyaga zabin da hannu na ɗora, na kwarara sauran romon a kai, na tura cuku da dabino a gefe. Ma'azu yana kallo kamar ana yanka shi.

"Romo bisa gashi? Da Maigida na da rai da ya kore mu."

"Da jikarshi zai hwara dubawa. Ruhe da hwaihwai."

Na goya Balki, na kai hannu zan ɗauki akushin. Ya riga ni.

"Ni na ɗauke, ni zan mayar."

Ya naɗa gammo ya ɗora a ka. Namiji baligi, da farar rigarsa, ido na ganin ido, ya ratsa Tawa da akushi a ka kamar mai talla. Mahauta suka yi masa ihu, "Amarya, nawa nawa?" Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. Bai waiwaya ba, ni ma ban waiwaya ba.

*

Alhaji ya sauka a zauren wani dillali kusa da kasuwar bisashe. Sabo na zaune a bakin ƙofa yana sakace.

"A'a! An kawo cokali na ukku?"

Ma'azu ya wuce shi, ya yi sallama, ya sauke akushin a gaban Alhaji, ya koma can bakin ƙofa ya zauna a ƙasa. Tsohon bai ko dubi faifan ba.

"Ɗauke abinka. Ai ka iya."

Na durƙusa daga waje, a gefen ƙofa, na sauke Balki. Tun da aka kai ni gidansu ban taɓa yi wa surukina magana da ta wuce gaisuwa ba.

"Baba, ku yi haƙuri in yi magana."

"Ina jin ki."

"Ba wulaƙanci ba na. Haka tsarin gidan yake. Abinci kala-kala na, in an ɗauke guda a kawo wanda ya hi shi. Wanda ya aje cokali, an ɗauka ya gama. Haka mahaihina ya riƙa yi ma kowa, har kumandan."

Alhaji ya juyo.

"Har wa?"

"Har kumandan, Baba."

"Kai, kuku. Gaskiya ta?"

"Gaskiya ta, Alhaji. Ina tsaye wata rana kumandan ya aje cokali don shi yi ma wani hwaɗa. Kahin shi juyo Maigida ya zare. Ya duba, babu."

"Wane kumandan? Mai jan gemun nan?"

"Shi."

"Wanda yas sa munka ɗauki duwatsun hanya bisa kai? To mi yac ce?"

"Ya ce mersi, wai ya gode."

Kafaɗun Alhaji suka fara motsi. Ya so ya danne, abin ya fi ƙarfinsa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana bugun tabarma.

"Tanimu! Ashe akwai wanda yar rama muna! Allah shi jiƙan ka, Tanimu!"

Na fara sakin numfashi. Sai ya goge ido da hannun riga, fuskarsa ta koma yadda take.

"Na yahe hwaranti. Amma dariya daban, jikata daban. Ibrahim bai bar mani komi ba sai wagga yarinya. In ta tashi gidan wani, wa za ya hwaɗa mata ko ɗiyar wa ta?"

Balki ta riga ta haye cinyarsa tana jan carbinsa.

A wurinmu uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta cewa nata ne, balle a gaban suruki. In kakanni sun ce a ba su, sai ta kau da kai kamar ba ta damu ba, ta je bayan ɗaki ta yi kukanta. Na san duk wannan. Na cire kunyar na ajiye.

"Baba, ɗiyata ta. Balki ɗiyata ta, ba ni iya rabuwa da ita."

Sabo ya ce, "Subhanallahi! Kun ji rashin kunyar birni?"

Ban kula shi ba. Hawaye na zuba, na ci gaba.

"In amrena na ka raba mu, na hwasa. Ba ni amren Ma'azu, ba ni amren Sabo, ba ni amren kowa. In zamna ɗakin Inna har in tsuhwa. Ku bar mani ita kawai."

Ma'azu ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

Alhaji ya ɗago ya dube ni.

"Yarinya ƙarama kamarki ki zamna ba amre, a ce ni na sa? In je in ce ma Allah mi?" Ya juya ga Ma'azu. "Kai. In ka samu naka ɗiyan, wagga hwa?"

"Alhaji, ubanta Ibrahim na, ba ni canza mata uba. Ni dai ba ta kwana da yunwa, ba ta kuka in ji in ƙyale. Duk randa kunka ce a kawo ta, ni zan kawo ta da ƙahwata."

"Da akushi bisa kai?"

"In kun so."

Tsohon ya yi ɗan tsaki mai kama da dariya. Ya shafa kan Balki.

"To ku ji. Ta zamna wurin uwarta. Amma duk kaka, in an yanke hatsi, a kawo mani ita Takanamat ta sha hura, ta san dangin ubanta, ta koyi cin tuwo da hannu. Ran da za ta yi amre kuma, gidana za a ɗaura."

"Baba!" Sabo ya miƙe. "Kun yi mani alkawali!"

"Na yi maka alkawalin zan tambaya. Ka ji amsa da kunnenka. Zamna ka ci abinci ko ka tahi ka duba shanunka."

Sabo ya figi sandarsa ya fice.

Sai na kifa goshi a ƙasa ina kuka, wannan karon mai sauƙi, irin wanda ke fita da nauyin ƙirji.

"Ya isa, ɗiyata. Tashi. Allah shi sa albarka."

Alhaji ya buɗe faifan. Ƙamshin man shanu ya cika zauren. Ya wanke hannu, ya jawo akushin tsakanin ƙafafunsa, ya riƙe bakinsa gam da hannun hagu.

"Kai kuku, ƙara matsawa can. In na yi hamdala, kada ka motsa."

"Ko kun yi goma, Alhaji."

Muka ƙyale shi yana ci yana saka wa Balki tsoka a baki, sai da ta ƙoshi ta fara gyangyaɗi aka miƙo mini ita.

La'asar ta yi sanyi da na kamo hanya. Ma'azu ya tsaya a masaukin jiran akushi, ni na yi gaba. Sau biyu ina tsayawa in huta a gindin bango.

Inna na tsaye a ƙofar gida, ta ɗaure ƴan kayan Balki a ɗankwali ta rungume. Daga gaba ta hango ni, hannuna babu kowa. Ƙullin ya faɗi daga hannunta.

"Zalika! Ina yarinyar?"

Na juya mata baya kawai, ta ga Balki tana barci, bakinta duk maiƙo.